Ranar da Na Cire Sulken Wuyana

Kafin ku fara zagin kowa a ƙasan wannan rubutu, ku bari in kai ƙarshe tukuna. Na san wasu za su ce Goggo ce ta cuce ni, wasu su ce Umma ce ta cika sanyi. Duk ku ajiye wannan. Maɗauri huɗu ne a jikin abin, kuma ni na ɓalle su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, ina kallon kaina a madubi.

Ni tela ce. Shagona a jikin gidanmu yake, keke biyu, teburin yanka, da wata tsohuwar fanka da ta fi iya surutu a kan iska. Aikin da aka fi sanina da shi jera duwatsu a wuyan riga, irin wanda za ki duƙa awa uku kina bin su da allura ɗaya-ɗaya. Shi ya sa da wuyana ya fara ciwo kowa ya zama likita. Umma ta ce filo ne. Maƙwabciyarmu ta ce keke ne. Goggo kuwa, yayar Babanmu, wadda tun rasuwarsa ita ke yanke magana a gidan, ta ce waya ce, kullum kai a ƙasa ana latse-latse da saurayi.

Ku kai hannu ƙeyarku ku ɗan sunkuya. Kun ji wani ƙashi ya turo, daidai inda wuya ya ƙare baya ya fara? To nan ne. Ciwo ne mai cin rai, ba ya ihu, ba ya kuma tafiya. Sai zazzaɓi ya biyo baya, kullum da yamma, da gumi mai jiƙa riga. Na sha maganin zazzaɓin sauro har sau uku. Aka yi mini hoton ƙashi aka ce lafiya lau. Na rame har ni da nake yi wa mutane ɗinki na koma kama siket ɗina da fil.

Sai da aka zura ni cikin wannan babbar na'urar mai kama da rami, mai ƙara kamar ana fasa dutse, sannan aka tura mu wajen likitar ƙashin baya. Wata gajeriyar mata ce, ba ta dariya, ba ta kuma ɗaga murya. Ta juyo mana da allon kwamfuta ta ɗora biro a kan wani wuri.

“Hoton farko bai yi ƙarya ba,” ta ce. “Kafaɗunki ne suka tare wurin. Nan kullum haka yake ɓoye mana.”

Ta tambaye ni sana'ata, na faɗa mata.

“To tela, a ina riga ta fi saurin yagewa?”

“A hammata. Inda hannu ya haɗu da jiki.”

“Saboda me?”

“Hannu yana motsi, jiki yana tsaye.”

“Haka nan wurin yake. Wuya yana juyawa, ƙirji haƙarƙari ya riƙe shi. Duk nauyin kanki a mahaɗar nan yake sauka, kuma nan ƙwayoyin cuta suka samu suka zauna.”

Ta nuna mana yadda suka cinye ɗan matashin da ke tsakanin ƙasusuwa biyu, suka fara cin ƙasusuwan kansu, ga kuma mugunya ta taru a baya, dab da laka. Ta ce laka ita ce igiyar da ke kai saƙo daga kai zuwa hannu da ƙafa, kuma tazarar da ta rage tsakaninta da ciwon ba ta kai kaurin biron hannunta ba. Umma ta fara salati a hankali. Ni kuwa abin da ya zo mini a rai, Allah ya yafe mini, shi ne yadda zan gaya wa Malam.

Malam malamin lissafi ne a wata makarantar kwana a wani gari, sai hutu yake zuwa. Kawo ɗinkin yayarsa ya yi shagona, ya tsaya yana gyara mini lissafin yadi har na ce masa ya karɓi almakashin ya yanka da kansa. Shekara guda ke nan. Bai taɓa kirana da sunana ba, Tela yake ce mini, ni kuma na ajiye lambarsa da Lissafi. Ina son sa, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba. Ina son sa irin son da ke sa mai hankali ta yi wauta da idonta biyu.

Sati uku na yi a asibiti. Suka sa doguwar allura suka ɗebo ruwan ciwon don su san wace ƙwaya ce, suka sa mini siririyar roba a jijiyar damtse wadda ake ɗura magani ta ciki. Sannan suka kawo abin. Roba ce mai tauri da ƙarfe, ta tokare haɓa, ta riƙe ƙeya, ta sauko ta rufe ƙirji da baya. Ni na sa masa suna sulke. Idan yana jikina ba na ganin ƙafata, ba na ganin abincin da ke gabana, sai dai in kalli bango da fuskokin mutane.

Ranar sallama likitar ta tsaya a bakin gado ta ce, “Ba na son in yanka ki idan magani zai yi aikin. In kin ba shi lokaci ƙashin zai haɗe da kansa. Amma yanzu ruɓaɓɓe ne. Ba a cire wannan abin, ko za a goge miki wuya sai kina kwance wani ya riƙe kan. Kuma kar ki sunkuya. In ya rufta a kan laka, ba zan yi miki alkawarin ƙafafunki ba.”

A motar komawa gida Goggo ta kafa nata dokar.

“Kar in ji maganar ƙashin baya ta fita daga gidan nan. Wuya ne ya sage, shi ke nan.”

Umma ta ce, “Yaya, ai ciwo ba abin kunya ba ne.”

“Ke ba ki san uwar namiji ba. Tana jin baya za ta fara lissafin ciki da goyo. Kafin yarinyar nan ta warke an nemo masa mai lafiya.”

Ni ma na bi dokar. Wata biyu ina tura wa Malam tsofaffin hotuna.

“Tela, yau ma ba za a kunna kyamara ba?”

“Ta lalace.”

“Wata biyu? Ko dai kin yi kyau ne kina min rowa?”

“Ka yi ta hasashe.”

“Wuyan fa?”

“Da sauƙi sosai.”

Wannan kam ba duka ne ƙarya ba. Nas tana zuwa kowace safiya ta ɗura maganin, zazzaɓin ya tafi, abinci ya fara shiga, har kumatuna ya ɗan dawo. Ciwon ya lafa har wani lokaci nakan manta da shi. Yanzu na san sulken ne yake ɗauke mini nauyin, amma a lokacin gani nake na warke, likita ce kawai mai tsanani.

Ranar Laraba saƙonsa ya shigo ina kwance na ɗaga wayar sama da fuskata.

“Hajiya za ta zo Asabar da hantsi, ita da Yaya. Ta ce sai ta ga wadda ta hana ɗanta cin abinci.”

Saura kaɗan wayar ta faɗo mini a hanci.

Asabar tun da safe gidan ya ɗauki ƙamshi. An wanke labule, an fito da kofunan da ba a taɓawa sai baƙi, an shimfiɗa sabon kafet a falo. Na sa leshi ruwan zuma da na ɗinka da hannuna tun kafin ciwo, mai dogon hannu, ya rufe robar damtsena ruf. Umma ta yi dabara ta naɗa mini babban mayafi tun daga kai har ƙirji, ta soke shi da fil uku. Sulken ya ɓuya. Sai dai haɓata tana nan a sama, don wannan mayafi ba ya iya saukar da ita.

Goggo ta shigo ɗakin ta tsaya ta ƙare mini kallo.

“Gaishe ni in gani.”

Na rage tsawo a hankali, bayana a miƙe, idona cikin nata.

“Kin gani ko?” ta ce da Umma. “Dubi yadda take kallon mutum ta saman hanci. Haka za ta zauna gaban uwar miji, ido cikin ido, haɓa a sama kamar mai jiran a ba ta haƙuri? Wallahi kafin su kai bakin titi sun gama yanke mata hukunci. Za su ce ba ta da kunya, ba ta da tarbiyya, kuma mu za a zaga.”

“Yaya, likita ta ce…”

“Likitar ce za ta aure ta? Awa ɗaya fa. Su sha shayi su tafi a mayar mata da abinta. Yarinyar da ke cin abinci kwano biyu, awa ɗaya ce za ta kashe ta?”

Umma ta sunkuyar da kai. Goggo ta ce ita dai ta faɗa, ta fita tana gyara ɗankwali. Umma ta matso ta riƙe hannuna ta ce, “Ki bar shi a jikinki. Mu gaya musu gaskiya, in rabonki ne ba mai hana ki.” Sai aka yi sallama a ƙofar gida, ta fita da sauri.

Ni kaɗai na rage da madubi. Na kalli yarinyar da ke ciki, ta yi tsaye ƙiƙam kamar sandar rataye kaya a shagona. Na tuna yadda Malam ke maganar Hajiyarsa, yadda ya ce duk abin da ta ce shi ke nan. Tsoro ya kama ni, amma ba tsoron abin da ya kamata ba. Na zare fil ɗin mayafin. Na ɓalle maɗaurin hagu, na ɓalle na dama, sannan biyun kafaɗa.

Iska ta taɓa wuyana, wani sanyi mai daɗi. Sai kuma na ji nauyin kaina. Ban taɓa sanin kai yana da nauyi haka ba. Na tura sulken ƙarƙashin gado, na ɗaura ɗankwali, na sa sarƙa, na yafa mayafi na fita.

Hajiya farar dattijuwa ce mai sanyin murya, da carbi a hannu. Yayar Malam kuwa na san ta, mai yawan dariya. Umma ta ɗago ta ga wuyana, na ga jinin fuskarta ya ɗauke, amma gaban baƙi me za ta ce? Na durƙusa a gaban Hajiya na sunkuyar da kai ƙasa sosai, yadda aka koya mini tun ina ƙarama.

“Ina kwana, Hajiya. Kun zo lafiya?”

A daidai nan na ji shi. Wani abu kamar wutar lantarki ya tsarga daga ƙeyata ya bi gadon bayana har tafin ƙafa. Na cije leɓe. Ya wuce. Na ce a raina, ai dama an daɗe ba a motsa wurin ba.

“Lafiya lau, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Zauna mana.”

Na zauna a kafet gefen ƙafarta, na naɗe ƙafafu, kai a ƙasa. Idona a kan zanen kafet ɗin, wasu furanni ja masu ganye bakwai. Na ƙirga su ya fi sau ɗari.

Awa ɗaya aka ce. To ashe Goggo da Hajiya sun taɓa zama unguwa ɗaya suna 'yan mata. Aka shiga wa ya rasu, wa ya yi jika, gidan wa aka rushe aka yi shaguna. Goggo har da tafa hannu. Ciwon ya tashi daga ƙeya ya bazu cikin kafaɗuna, ya gangaro ta cikin hannu. Gumi yana bin bayana. Umma ta ce sau biyu, “Bari ta shiga ciki ta huta,” Goggo ta ce, “Ina za ta? Ai don ita aka zo.”

Can Hajiya ta ce, “Ɗago in gan ki da kyau mana, 'yata.”

Na yi niyyar ɗagowa. Wallahi na yi. Kan ya ƙi.

Goggo ta yi dariya. “Ai Hajiya sai haƙuri, haka take. Ko ni da na raine ta ba ta iya haɗa ido da ni.”

“Madalla,” in ji Hajiya. “Irin su sun yi ƙaranci yanzu.”

Goggo ta ce in ƙara wa Hajiya shayi. Na miƙa hannu na kama kofin, ina kallo ya zame daga yatsuna ya kife a kan tire. Yayarsa ta fashe da dariya ta ce rawar jiki ce gaban suruka, ita ma haka ta yi a nata lokacin. Duk aka yi dariya. Ni kuwa ina kallon ƙaramin yatsana da na kusa da shi. Shayi mai zafi ya zubo a kansu, ban ji komai ba.

Sai dab da azahar suka miƙe. Goggo ta ce, “Tashi ki taka musu.”

Na ce wa ƙafafuna su tashi. Kun san yadda ƙafa ke yi idan an daɗe zaune a kanta, ta yi nauyi tana tsira-tsira? Na jira tsira-tsirar. Ba ta zo ba.

Hajiya ta dafa kaina, nauyin hannunta ya sauka daidai wurin, ta ce, “Bar ta, zauna abinki 'yata, kin gaji.” Suka fita ana ta godiya da sai an sake zuwa.

Umma ce ta fara dawowa, da gudu, ko takalmi babu.

“Tashi mu mayar miki da shi. Yana ina?”

“Umma, ƙafata.”

“Me ta yi?”

“Ban san inda take ba.”

Ta kama hammatata za ta ɗaga ni, na ce kar ta taɓa ni, ta kira likita. Ta sa wayar a amsa-kuwwa. Likitar ba ta yi dogon tambaya ba. Ta ce kar a ɗaga ni, kar a ɗauke ni a motar gida. Mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu, kar ya bar shi ya motsa ko kaɗan, a kwantar da ni a miƙe a ƙasa, a mayar da sulken ina kwance, a jira motar asibiti.

Goggo ce ta riƙe kan. Ta durƙusa a kafet ɗin da tsofaffin gwiwoyinta, tafukanta a kunnuwana, fuskarta a saman tawa a juye. Minti arba'in muna haka. Hawayenta yana ɗigo mini a goshi, ba ta da hannun sharewa.

A asibiti aka sake zura ni cikin na'urar. Da aka fito da ni likitar tana tsaye da hular tiyata a kanta. Na so ta yi mini faɗa, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba.

“Awa nawa?”

“Biyu da wani abu.”

“A sunkuye?”

“Eh.”

Ta yaye zanin da aka rufa mini, ta zaro mabuɗi daga aljihu. Ba na ganin ƙafata, sai motsin kafaɗarta nake gani.

“Kin ji wannan?”

“A'a.”

“Wannan fa?”

“Kamar daga nesa.”

“To akwai saura. Shi za mu bi, kuma yanzu, ba gobe ba.”

Ta yi wa Umma bayani a gabana, ba ta ɓoye komai ba. Ƙashin ya rufta ta gaba, shi da mugunyar sun danne laka. Za su shiga ta gaban wuya, can ƙasa dab da ƙashin ƙirji, su kwashe ruɓaɓɓen su sa abin da zai tokare wurin. Sannan su juya ni su ɗaure ta baya da kusoshi da sandunan ƙarfe biyu. Ta ce hanyar gaban matsattsiya ce, manyan jijiyoyin jini suna nan, jijiyar murya ma ta nan ta bi.

“Za ki iya farkawa muryarki a dishe. Yawanci tana dawowa. Wani lokaci ba ta dawowa yadda take.”

“Ƙafafun fa?” in ji Umma.

“Zan cire abin da ya danne. Sauran sai mun gani.”

Aka kawo takardar yarda. Biron ya ƙi zama a yatsuna, sai babban yatsa aka dangwala mini a tawada. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara a jakar Umma. Ta ciro ta riƙe mini a saman fuska, don ba na iya kallon ƙasa. Lissafi ne.

“Tela! Hajiya ta kira ni tun a mota. Ta ce ba ta taɓa ganin yarinya mai kunya irinki ba, wai awa biyu ko sau ɗaya ba ki ɗago kai ba. Ta ce in turo manya. Kin ci jarrabawa, ɗari bisa ɗari.”

Na karanta sau biyu. Umma ma ta karanta, ta juyar da fuska. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin tsoro irinsa ba.

Nas biyu suka zo suka saki birkin gadon. Na ce su ba ni minti ɗaya. Na ce wa Umma ta danna wurin ɗaukar murya ta riƙe, tunda yanzu ina da ita.

“Malam, ni ce. Ba sagewa ba ce, ƙarya na yi maka wata biyu. Ciwo ne ya ci ƙashin bayana. Yau na cire abin da ke riƙe wuyana don Hajiya ta so ni. Ba kunya ce ta hana ni ɗagowa ba, kasawa na yi. Yanzu za a shiga da ni tiyata, kuma ban sani ba ko zan sake takawa. Kar ka turo kowa sai ka ji. In ka fasa ban ga laifinka ba.”

Umma ta saki. Saƙon ya tafi, alamar nan biyu ta koma shuɗiya nan take. Aka fara tura gadon, fitilun silin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, Umma tana bin mu da sauri da wayar a saman fuskata.

A saman allon aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe, ya sake tsayawa.

“Mama, nan ne iyakarki,” in ji ɗaya daga cikin nas ɗin.

Umma ta ja ta tsaya da wayar a hannu. Ina jin ta yi ƙarar shigowar saƙo daidai lokacin da ƙofar ta rufe.